Sunana a Kusurwar Zane

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya ƙafar taki? Yaya jikoki da hayaniyarsu? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Kin ce in faɗa miki abin da ya sa kamfanin sabulu ya aiko mini takarda, shekara biyu bayan na yi ritaya. To gyara zama, kin san ni ba na ba da labari a tsaye.

Shekara talatin da huɗu aikina ɗaya: in zana kowane bututu da bawul da ma'auni, don mai gyara ya san abin da zai rufe kafin ya sa hannu. Ban taɓa zana bututun da ban bi shi da ƙafa na shafa shi ba. Duk abin da aka sauya, in sa masa jan fensir a takardata, har sunan Mai Jan Fensir ya bi ni.

Da aka kawo kwamfuta, ɗanki Injiniya, wanda ni na haifa ke kika raina, shi ya koya mini zane da ita. Yana ta tsokanata wai ina riƙe linzamin kamar zai cije ni. Na dai koya, da furfurata. Na gama layin tururi na ɗaya, ritaya ta riske ni kafin na biyu. Na naɗe tsohuwar takardata mai jan fensir na ba shi, muka rubuta a takardar miƙa aiki cewa na biyun yana wuyansa, ya sa hannu.

Layukan nan ana ce musu tagwaye, amma ba su ba ne. Na biyun yana da wani siririn bututu da muka ƙara tun Injiniya yana firamare, ya zagaya ta bayan tanki yana kawo tururi. Sai mutum ya durƙusa zai gan shi, ita kuwa kwamfuta ba ta da gwiwa. Injiniya ya kwafi zanena na farko, ya juya shi kamar a madubi, ya sauya lambobi. Aikin sati uku ya gama kafin shayinsa ya huce.

Watan jiya Dogo mai gyaran famfo, da aka maido sashen kwanan nan, ya rufe duk bawul ɗin da zanen ya nuna, ya kwance famfo. Tururi ya dafa masa hannun dama har kafaɗa.

Yaya, a kusurwar kowane zane akwai ɗan akwati da ake rubuta sunan mai zane da kwanan wata. Da Injiniya ya kwafa, har akwatin ya kwaso. Sunana ne a ciki, da ranar da nake bakin aiki.

Jiya ya zo, ya gaishe ni, ya yi zancen tayar motarsa. Na tambaye shi takardata mai jan fensir, ya ɗauko ta daga bayan mota. Ƙullin da na yi mata da hannuna yana nan.

Ranar Talata zan je gaban kwamiti, da takardar miƙa aikin a aljihuna.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙaninki,
Mai Jan Fensir

Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso. Sau uku kika rubuta cewa Injiniya yana da 'ya'ya huɗu, ni kuwa na gama aikina, ba abin da za a ƙwace mini. Na karanta. Dogo shida gare shi, amma ba ki san shi ba, ban ga laifinki ba.

Ɗakin taron sanyi kamar na ajiye kifi. Suka haska zanen a bango, suka ƙara wa ɗan akwatin girma har sunana ya kai tsawon hannu. Ban taɓa ganinsa da girma haka ba, ko ranar da suka ba ni lambar yabo. Manaja ya ce in kwantar da hankalina, tsufa ne, da ma kwamfuta ba ta zamaninmu ba ce.

Injiniya yana gefensa. Na jira shi, Yaya. Na sha ruwa, na goge tabarau, na sake gogewa. Shi kuwa yana ta juya biro a kan tebur. Da bakinsa ya motsa ko kaɗan, da ni zan tare shi in ce ni ne, kuma da na mutu ina alfahari. Bai motsa ba. Na ce ni ne.

Abu ɗaya na nema: a tashi a bi ni bayan tanki. Na kwance ƙullin takardata, na sa su durƙusa ɗaya bayan ɗaya, har manaja da farin wandonsa. Ɗanki ma ya durƙusa. Ranar ya fara ganin bututun.

Daga nan na wuce asibiti. Dogo ya yi dariya da ya gan ni, ya ce wa matarsa ta ba ni kujera, ga mutumin da ya dafa shi ya zo duba ko ya nuna. Da dariyar ta ƙare, sai ya ce a ƙa'idarsa yakan bi layi da ƙafa kafin ya taɓa komai. Ranar ce kawai bai bi ba, don ya duba kusurwa ya ga sunana. Ya tambaye ni ko da gaske ni na zana. Na ce masa yaya abincin asibiti. Ya juya fuskarsa bango.

An sauke hotona daga ɗakin zane. Na ji an ce yanzu da labarina ake ja wa sababbin ma'aikata kunne. An gyara zanen, Injiniya ya aiko mini da kwafi ta hannun direbansa. Siririn bututun yana nan, ya zana shi da kyau. A ɗan akwatin kuwa sunansa ne, kuma an yabe shi da gano kuskuren.

Kada ki ce masa ya zo ba ni haƙuri. In ya zo zai ci abinci, mu yi zancen taya.

Takardar miƙa aikin tana cikin ambulan ɗin nan, da sa hannunsa. Ke kika roƙa a rufa masa asiri, ke za ki ajiye. Ni ta yi wa aljihuna nauyi.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba Dogo sauƙi.

Ƙaninki