Rasuwar Kansila Kwafi-Uku da Takardarsa ta Goma Sha Takwas

Cikin alhini, da zuciyar da har yanzu ba ta huce ba, Ƙungiyar Masu Shaguna da Sana'o'in Hannu ta Layin Kasuwa, a madadin Mai Girma Shugabanta, da iyayen ƙungiya, da dattawan unguwa maza da mata, take sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma majiɓincin lamurranta, Mai Girma Kansilan wannan mazaɓa tamu, wanda babba da yaro suka fi sani da Kwafi-Uku. Ya rasu ranar Talata wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, lokacin da gadar katakon da ke kan babban lambatu, tsakanin bayan kasuwa da makarantar firamare, ta karye da shi ana tsakiyar ruwan sama. Sai bayan azahar aka samu gawarsa a bakin kwalbatin ƙasa, inda shara ta tare ta. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ni da aka ɗora wa rubuta wannan saƙo, ni ne mai shagon buga takardu da fotokwafi na kusa da famfo, kuma shekara tara cur ni nake buga wa marigayi duk takardar da zai kai ofis, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Zai shigo da tsohuwar jakarsa mai ruwan ƙasa, wadda zik ɗinta ya mutu har yake ɗaure ta da robar taya, ya zauna a benci yana faɗa ina bugawa, yana kuma gyara mini rubutu kamar shi ya koya mini aikin. Kowace takarda kwafi uku ce. Ɗaya ta zauna a ofis, biyu kuwa sai akawu ya buga musu hatimi, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu cewa an karɓa, kafin Kansila ya motsa daga gabansa. Akawunan hukumar gari in sun hango shi sai su jefa hatimin a durowa, su ce mai makulli ya fita. Shi kuwa sai ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa a bencinsu, ya buɗe jarida, har sai mai makulli ya gaji ya dawo. Mu ma ba mu bar shi ba, mai walda yakan ce Kansila ko ruwan sha zai roƙa a gida sai ya kai wa uwargida kwafi uku. Sai ya yi dariya ya ce mutum yana iya rantsewa bai ji ba, amma ba ya iya rantsewa bai sa hannu ba.

Da wannan naci nasa, wanda wallahi wata rana mu kanmu yake isar mu, aka gyara famfon layinmu bayan ya shekara biyu a bushe, aka kwashe jujin da ke gaban ɗakin shan magani, aka kuma mayar da fitilun titin da ɓarayi suka kwance. Shi ya raba rigimar masu nama da masu kayan miya a kan inda za a zubar da ruwan wanke tebur, ya wuni a tsaye da igiyar awo har aka haƙa rami kowa ya yarda. Tun kafin rana ta fito ake buga masa ƙofa: wannan akuyar maƙwabci ta ci masa shuka, wancan an ƙi karɓar 'yarsa a makaranta, wata kuma mai haya ya cire mata ƙofar ɗaki. Uwargidansa ta sha faɗa mana cewa tun da aka zaɓe shi bai taɓa cinye abinci da zafinsa ba. Yana da surutu, taron minti goma a hannunsa yakan kai awa biyu, kuma taurin kansa ba a magana. Mun gode wa Allah da bai raba shi da wannan taurin kai ba.

Gadar da ta ci shi kuwa, shekara huɗu yana bin maganarta. Katakonta ya ruɓe, ƙusoshin sun yi tsatsa, ko yaro ya taka sai ta yi ƙara. Da ya ga takarda ba ta kawo siminti ba, sai ya mayar da kansa mai gadi. Duk safiyar da aka tashi da ruwa, zai sa takalmin roba ya ɗauki lema ya tsaya a bakinta, yana tsallakar da 'yan makaranta bibbiyu, ba ya barin na uku ya hau. Ranar Talata ya gama da yara kaf, sai ya koma don Gwaggo mai gawayi, tsohuwar da ke zama a ƙofar kasuwa, ya karɓi kwandonta ya riƙe mata hannu. Saura taku biyu su isa katakon ya amsa, ya tura ta bakin gaɓa, shi ruwa ya ja shi. Har yau Gwaggo ba ta iya haɗiyar abinci, kullum cewa take da ita ruwan ya ɗauka.

Da abin ya tsaya nan, da mun yi kukanmu mun bar wa Allah. Amma ranar Laraba, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, Mai Girma Shugaban Sashen Ayyuka na hukumar gari ya shiga gidan rediyo, ya yi tari, ya yi jimami, sannan ya buɗe baki ya ce ofishinsa bai taɓa samun rahoto ko ɗaya a kan wannan gada ba, kuma kawo irin wannan rahoto aikin kansilan mazaɓa ne. Mai Girma Shugaban Hukuma ya zo wajen ta'aziyya ya maimaita haka a kan tabarmar gidan, a gaban ƙanen marigayi. Kai, jama'a! Mutum ya mutu yana tare wa 'ya'yanku rami, ku kuma ku tura sunansa ciki. Maganar ta kama gari, har 'yarsa ta fari, wadda malama ce a makarantar firamaren nan, wani uban yara ya tare ta a ƙofar gida ya ce mata ashe baban nata ne ya zauna a kan maganar gada shekara da shekaru. Ta shiga ɗaki ta kulle, ba ta fito ba sai da gwaggonta ta yi ta roƙo.

Mun san abin da ya ba su wannan ƙarfin hali. Sun ji labarin cewa jakar Kansila, wadda yake yawo da kwafi na biyu a cikinta, ta tafi da ruwa, kuma gaskiya ne, ta tafi. Masu neman gawa sun shaida cewa wani ma'aikacin ofishin ya zo bakin lambatu sau uku yana tambaya ko an ga jaka, bai tambayi mai jakar ba ko sau ɗaya. Shekara tara suna yi wa mutum dariya suna kiransa Kwafi-Uku, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa ina kwafi na ukun yake kwana.

Ranar Alhamis uwargida ta aika aka kira Shugaban ƙungiya da ni. Ta sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ciro makulli daga bakin zanenta ta buɗe. Takarda goma sha bakwai muka ƙirga a kan gadar nan kaɗai, kowace da hatimi da kwanan wata. Biyar daga ciki Shugaban Sashen Ayyuka ne da kansa ya sa musu hannu. A gefen ɗaya Injiniyan hukuma ya rubuta da jan biro cewa ya gani, za a duba bayan damina, kuma damina uku ke nan ta wuce. Uwargida ba ta yi kuka ba. Ta ce mutuwar mijinta ta karɓa, daga Allah ce, amma ƙaryar da aka yi masa ba za ta kwana da ita a ɗaki ba.

Saboda haka wannan ƙungiya take shaida wa duniya cewa ba ta yafe ba, kuma ba ta da niyyar yafewa. Buhunan abinci da rumfar da hukuma ta aiko, iyalin sun amince mun ɗora su a kura mun mayar har ƙofar ofis. Injina bai huta ba tun ranar Alhamis, kuma kafin wannan saƙo ya iso gare ku, takardun nan goma sha bakwai suna manne a ƙofar kowane shago, da bangon makaranta, da jikin bishiyar da ke kallon tagar Shugaban Sashen Ayyuka, don ya riƙa gaisawa da sa hannunsa kowace safiya. Asalin takardun suna hannun lauya. Mai aski ya rantse ba zai ƙara taɓa kan wanda ya shiga rediyon nan ba, bakanike ya ce ko motar mutumin ta mutu a gaban garejinsa, tura ta ma ba zai yi ba. Mun ji ana shirin sa wa sabuwar gada sunan marigayi. Su riƙe abinsu. Wanda ya ɓata suna a rediyo, a rediyo zai wanke shi, da bakinsa, ya faɗi ranakun ɗaya bayan ɗaya. Matasanmu kuma muna gargaɗinku, kada wanda ya ɗauki dutse. Kansila bai taɓa fasa gilashin kowa ba, kuma abin da ya fito daga akwatin nan ya fi dutse ciwo. Allah ya isa tsakaninmu da su, mu ma za mu bi su har kotu, har akwatin zaɓe.

Ga Uwargida, da Malama da ƙannenta, da ƙanen marigayi, da surukai da jikoki, da Gwaggo mai gawayi wadda yanzu ta zama ta gida, ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ruwan da ya sha ya zama shahada, ya ba ku haƙurin da mu har yanzu muke nema. Malama, 'yata, ki fito ki ɗaga kanki, mahaifinki bai zauna a kan komai ba.

Abu ɗaya ya rage. Ranar Litinin da yamma, kwana ɗaya kafin rasuwarsa, Kansila ya zo shagona ya faɗa na buga takarda ta goma sha takwas a kan gadar. Ya sa hannu a duka ukun, ya ce in ajiye masa kada hadari ya jiƙa su, gobe in ya gama tsallakar da yara zai biyo ya karɓa. Suna cikin durowata. Ranar Litinin mai zuwa, ƙarfe takwas na safe, babu shagon da zai buɗe a Layin Kasuwa. Malama ce za ta riƙe takardun a sabuwar jakar da mai gyaran takalma ya ɗinka mata, mu muna biye har ofishin hukuma. Za mu cire takalma mu zauna, benci in ya cika akwai ƙasa. Muna shawartar akawu ya nemo mai makulli tun yanzu.

An buga wannan saƙo kwafi uku.

Sa hannu:
Malam Mai-Fotokwafi,
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Masu Shaguna da Sana'o'in Hannu ta Layin Kasuwa.