Ƙudajena da Katangarmu ta Unguwar Sheshe

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wallahi bakina ya ƙi yin shiru, kuma kai nake so ka fara ji.

Baba, aikina ya yi kyau! Ka tuna yadda kake tsokanata, wai ka tura ɗa jami'a ya dawo makiyayin ƙuda? To, ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, jiya na sa ƙwansu a madubin ƙara girma, na ga ɗan tayin ya fito layi-layi, gaɓa bayan gaɓa. A kowace iyaka tsakanin gaɓa da gaɓa, ƙwayoyin halittar wannan gefe suna aika wa na wancan gefe saƙon sinadari, su ma su maido. Da haka iyakar take tsayawa. Da na duba waɗanda aka toshe wa gefe guda, sai ga ɗaya gefen shi ma ya yi tsit, iyakar ta shafe, gaɓoɓin suka cakuɗe. Malamata tana ta murna, ni kuwa hankalina ya gudo gida.

Ai katangarmu da gidan Malam Garba ke nan. Kafin damina kai ka yaɓe namu gefen, shi ya yaɓe nasa, kuna ta hira ta saman katanga, ba mai ganin wani. Tun rasuwarka ba mu taɓa ta ba. Shi ma da ya daina jin motsi daga wajenmu, sai ya bari. Ta tsage har ana hango rijiyarsu, ga hadari ya fara haɗowa, ga ɗakin Inna jingine da ita.

Yau da safe na yi masa sallama. Ashe kara yake mana, kada a ce ya tasa marayu da aiki. Kafin azahar 'ya'yansa sun kwaɓa ƙasa, Inna ta dama mana fura, gida ya cika da hayaniya kamar da.

Ban taɓa faɗa maka ba, ranar yaɓe ta fi mini ranar sallah daɗi. Ko ka lura?

Kusa da zaure na tarar da shatin tafin hannunka a tsohon yaɓe. Na kewaye shi, ban rufe ba. Can Malam Garba ya yi kira ta saman katanga, sai sunanka ya fito daga bakinsa. Ban jira ya gyara ba, Baba. Na amsa.

Allah ya kai haske kabarinka.

Ɗanka, makiyayin ƙuda,
Kabiru