Fatihar da Na Hana Usman

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Bashir a Jidda. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka. Yaya iyali, yaya ciwon ƙafar nan? Mu a Gadarif, nan Sudan, sai godiya, an fara yankan riɗi.

Bayan haka, ɗanka Usman ya kira ni daga Turai yana neman Fatiha a kan sabon aikinsa. Har na ɗaga hannu, sai na tambaye shi aikin. Ya ce, "Baffa, ƙirƙirarriyar basira ce. Muna ba na'ura sakamakon gwaje-gwajen baya, ita kuma ta zaɓo haɗin abin fashewa mafi ƙarfi. Yanzu ba mai ƙonewa a ɗakin bincike." Yana faɗa yana dariya.

Kusa da ni akwai Malam Tayyib, baƙonmu da yaƙi ya koro daga garin Madani, wanda harsashin igwa ya kashe wa 'ya'ya biyu a tsakar gida. Ya ce, "Ya Shehu, tambaye shi, a wajen ɗakin fa?" Usman ya ce ai har duwatsu ake fasawa da shi. Na ce su wa suka ɗauke ka aikin? Sai ya canza zance.

Na sauke hannuna. Wallahi ƙyamar abin ta hana ni cin abinci ranar. Yaron da na koya wa alwala!

Kai ne uba, ka yi masa magana. Ranar da ya bar aikin ya kira ni, Fatiharsa tana nan.

Ka sa mu a addu'a a Harami. A gaida Hajiya Zainab.

Yayanka,
Malam Idris