Zaliha Ta Taka Ba Sanda

Yaya Kaltumi, gaisuwa daga Yamai. Ya su Inna a Takanamat? Mu lahiya lau, sai kwanan tabarma a asibiti, na ma saba.

Albishirinki! Yau ɗiyata Zaliha ta taka har bakin famfo ba sanda. Likita ya ce ƙwayoyin fuka da na shekara bakwai ina sayo mata a kasuwa su suka cinye ƙashin ƙugunta. Mu kuwa muna ganin kumatu, muna cewa ta murmure! An rage mata ƙwayoyin sannu a hankali, an ba ta maganin shaƙa.

Ki gaya wa Inna za ta gan ta a rame amma a tsaye. Don Allah kada ta aika a sayo mata ko ƙwaya ɗaya.

Ƙanwarki Raƙiya, da hannuna.