Kunun Gyaɗar Gogo

Inna Zalika, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni ƴar wani ƙauye ce kusa da Gangara, ina karatu a jami'a, a labo inda ake binciken ƙananan halittun da ido ba ya gani. A labonmu har tsokanar juna muke yi cewa kowa tukunyar uwarsa ya zo leƙawa. Zakari ɗan makiyaya ne daga Cadakori, shi nono yake bincike. Rahina ta rasa ƙanwarta a gudawa, ita ba ta da magana sai ta ruwan rijiya. Ni kuwa gyaɗa na ɗauka, don a cikinta na girma.

Gogo ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta kai ni lakol, wato makarantar boko. Yadda ake yi a wurinmu, in an ɓare gyaɗa sai a tsince. Mai kyau a kai kasuwar Agiye, wadda ta yamushe ko ta yi baƙi a bar ta a gida, a yi kunu da miya. Haka na tashi na gani, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Da malaminmu ya ce kowa ya kawo abin gwaji daga yankinsu, da murnata na ɗebo gyaɗar gidanmu, Gogo har tana sa mini albarka. Inna, da ma ban ɗebo ba! Fumfuna ta fito koriya shar, gwaji kuma ya nuna dafin nan mai cin hanta a hankali, mai hana yara girma, ya wuce kima nesa. Na sake gwadawa, haka dai. Ga shi Hasiya, ƴar Gogo, ta kawo ɗanta Aminullahi yaye wurin kakarsa, safe da yamma kunun gyaɗar nan yake sha.

Ban tsaya tunani ba na hau mota. Na tarar da Gogo da maƙwabta a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Ta miƙo mini kwanon kunu, na ture shi gefe, na zaro salula ina nuna musu hoton fumfunar, ina bayani kamar ina gaban malamai. Gogo ta ce da wannan kunun ta raine ni ban mutu ba, ashe ƙarshen karatun nawa in zo in ce tana kashe jikanta. Ta shige ɗaki. Tun ranar ba ta ɗaga kirana, zanen da na aika mata ma ta maido.

Rahina ta ce in kira mijin Hasiya ya je ya ɗauke ɗansa, rai ya fi kunya. Zakari ya ce kul, shi ma ya sha fama kafin mahaifiyarsa ta yarda ta riƙa dafa nono, in bi a sannu. To ni a sannun nan yaro yana ta sha! In kuma aka ƙwace ɗan yaye daga hannun kaka, kin san garinmu, Gogo ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan suna ba, kuma ni na jawo. Ni ƴasu, ko na duba madubin labo fuskar Aminullahi nake gani. Abinci ba ya shiga mini. Wallahi har na fara tunanin barin karatun nan baki ɗaya. Ki faɗa mini abin yi.

Taki, Ƴar Gogo

*

Ƴata, share hawayenki. Karatu dai ba za ki bari ba, shi ya nuna miki abin da ke cikin kwanon yaron nan. Gaskiyarki ce, amma kin kai ta da kaushi. Matar da ta raine ki ta miƙo miki abinci a gaban mutane kin ture. Wannan ne ya soke ta, hoton salula bai dame ta ba.

Ki kuma duba wani abu. Gogo ta san gyaɗa mai kyau sarai, ai ita ke tsince ta. Shekara da shekaru tana kai mai kyaun kasuwa, ita ta ci ragowar, don ki samu alli da takalmi. Ba ta san akwai cuta a ciki ba, kuma da ta sani ba za ta ba jikanta ba.

Abokan aikinki kowa ya faɗi rabin gaskiya. Rahina ta binne ƙanwa, dole ta yi gaggawa, kuma lalle kada yaron ya ci gaba da shan wannan kunun. Zakari ya san halin uwa, shi ma bai yi ƙarya ba. Ke kanki kin ce dafin a hankali yake aiki, saboda haka ba yau za a ɗauki yaro a guje ba, amma kada wannan mako ya wuce ba ki je gida ba.

Kada ki kira mijin Hasiya. Hasiya za ki kira, uwarta ce, ɗanta ne, tana da haƙƙin ta sani. Ki roƙe ta ku haɗu a gida, ta kai yaron awo asibiti hankalinku ya kwanta. Ke kuma ki biya kasuwar Agiye ki sayi gyaɗa mai kyau, busasshiya, ki kai a matsayin tsarabar ɗan yaye, ki ɗauki alkawarin ba za ta yanke ba har a gama yayen. Kunu ba za a daina ba, gyaɗar kawai za a canza. Ki shiga ɗakin Gogo ku biyu, ki durƙusa ki ba ta haƙuri a kan abin da kika yi mata gaban maƙwabta. Bayanin fumfuna ya biyo baya, da muryar ƴa, a taƙaice. In duk da haka ta ƙi, to Hasiya ta zo ta zauna da ɗanta a gidan, ita ta riƙa dama masa. A haka yaro ya tsira, kuma babu wanda zai ce an ƙwace shi.

Ranar da za ki je, ki bar salular nan a jaka. Ki ɗauki faifai ki zauna kusa da ita ku tsince tare. In ta dama da sabuwar gyaɗar ta miƙo miki, ki karɓa hannu biyu, ki shanye a gabanta, ki miƙa kwanon a ƙara miki.

Allah ya raya Aminullahi, ya sanyaya zuciyar Gogo, ya sa albarka a karatunki.

Inna Zalika