Na Musanya Gwajin Kyanwar Yayana

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara zagina ku karanta har ƙarshe.

Shekarata sha shida, a unguwar Maamobi muke. Yayana yana kiwon kyanwoyin nan masu gashi buzu-buzu yana sayarwa. Tun da ya kawo wata fara mai suna Madam na koma baƙuwa a gidanmu. Fanka ɗaya gare mu, Madam take kallo. Ita kifin gwangwani, ni lasar ganyen da ake ƙunsa waakye, shinkafa da wake. Da na yi zazzaɓi sannu kawai ya turo mini a waya, amma ranar da Madam ta yi atishawa har wajen likitan dabbobi a Kawukudi ya ruga da ita ba takalmi. Wa ke yi masa wanki? Madam ce?

Ciwon ƙoda ne ya kashe uwar Madam, likitan dabbobi kuma ya ce ana gadonsa, sai an gwada ta kafin a haɗa ta da muzuru. Yaya ya goga tsinke mai auduga a bakinta, ya rufe a kwalba, ya ce, "Ƙanwata, kai wa likita, kar ki tsaya ko'ina." Na tsaya. Akwai wata kyanwa mai ido ɗaya da ke kwana a bakin gota, kwatar unguwarmu. Na jefar da tsinken Madam, na goga sabon tsinken da ya rage a kwalin gwajin a bakin wannan, har ta yakushe ni. So nake takarda ta dawo ta ce Madam 'yar gota ce, in yi dariya in huce.

Ashe ciwon kawai suke dubawa. Sakamako ya dawo fes. Yaya ya manna shi a bango, ya sayo mini tsire, ya ce, "Hannunki akwai albarka." Na cinye tas, kunyar sai daga baya ta zo.

Yanzu Madam ba ta gajiya da shan ruwa, kuma ramewa take. Mma, mahaifiyarmu, ta ce zafi ne. Ranar Asabar za a kawo muzurun wani Alhaji, mutane har sun kama 'ya'yan tun ba a haifa ba saboda takardar nan. In na yi shiru, za a haifi kyanwoyi masu ciwo da sunan Yaya a kansu. In na faɗa, anya zai sake ce mini ƙanwata?

Jiya Madam ta zo ta kwanta a kan ƙafata, abin da ba ta taɓa yi ba. Har yanzu haushinta nake ji, amma na kasa ture ta.

Jama'a, me zan yi?