Wata Goma Sha Huɗun Jinyar Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga unguwar Jarwal. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar taka? Ina fatan Anti Rabi da yara suna lafiya. Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, sun sake hana ni iƙama, takardar zaman dindindin, karo na uku ke nan. Ranar Talata na kai takarduna, har da shaidar haihuwata a nan Makka. Ma'aikacin ya yi ta juya fasfona, sannan ya ce, "Wata goma sha huɗu kina waje. Me ya zaunar da ke?" Na ce jinyar mahaifiyata na yi a Kano har ta rasu. Ya ce, "Allah ya jiƙanta, amma zamanki ya katse. Sai ki faro daga farko."

Daga farko, bayan shekara arba'in a garin nan! A motar unguwar Kudai na ja gyale na rufe fuska na yi kukana.

Ban yi nadamar jinyar Inna ba, wallahi. Amma ku huɗu ne a Kano, kuka ce sai ni. Na faɗa maka abin da nake tsoro, ka ce, "Haba, wata biyu ne kawai."

Zan sake nema. Ka aiko mini da takardun asibitinta, kuma ku sa ni a addu'a. Gaishe mini da Gwaggo Ladi, amma kada ka faɗa mata. Ita ta roƙe ni na ƙara zama, za ta ɗora wa kanta laifin.

Ƙanwarka,
Hadiza